Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Maryland Kan Ikon Kamun da Kuka Ara wa Jami'ar Johns Hopkins

Masu girma sanatoci da wakilai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne game da dokar da kuka zartar a watan Afrilun 2019, wadda Gwamna Larry Hogan ya rattaba wa hannu, ta ba Jami'ar Johns Hopkins izinin kafa rundunar 'yan sandanta a birnin Baltimore. A ƙarƙashin wannan doka, mutumin da jami'a mai zaman kanta ta ɗauka aiki, take biyansa albashi, take kuma iya sallamarsa, yana rataye da bindiga da ankwa, yana da ikon tsayar da wanda bai taɓa taka ƙafarsa cikin aji a jami'ar ba, ya bincike shi, ya kama shi. Ikon kama mutum na hukuma ne, jama'a suka damƙa muku shi, ku kuma kuka ara wa jami'ar. Wanda ya ba da aron abu mai kaifi irin wannan, wajibi ne ya riƙa leƙawa yana ganin abin da ake yanka da shi. Abin da muke roƙo ke nan.

Mun san dalilan da suka sa kuka amince. Daga 2015 zuwa 2022, babu shekarar da kisan kai a Baltimore bai haura 300 ba, kuma a 2019 kaɗai an kashe mutum 348. Ma'aikaciyar jinyar da ta tashi daga aiki da tsakar dare tana neman motarta a titin Wolfe tana da hakkin a kare ta. Jami'o'in gwamnati da ke cikin birnin, irin su Morgan da Coppin, sun daɗe da 'yan sandansu, Yale ma tun 1894 ta fara. Haka kuma mun san dalilan waɗanda suka ƙi. Birni ne da bai manta da mutuwar Freddie Gray a hannun 'yan sanda a 2015 ba, da rahoton Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya na 2016, da yarjejeniyar gyaran da kotu ta ɗora wa rundunar birnin a 2017. Mutanen gabashin Baltimore kuma suna da nasu tsohon lissafi da Hopkins, tun daga ƙwayoyin jikin Henrietta Lacks da aka ɗiba a 1951 ba tare da izininta ba, har zuwa ɗaruruwan iyalan da aka tasa daga unguwar Middle East don sabon gini. Shi ya sa ɗalibai suka yi zaman dirshan na fiye da wata guda a ginin Garland, inda ofisoshin shugabannin jami'ar suke a lokacin, har aka kama mutum bakwai a Mayun 2019. Shugaban jami'ar, Ronald Daniels, ya jingine shirin na shekara biyu a Yunin 2020, sannan aka sa hannu kan yarjejeniyar aiki da 'yan sandan birni a Disambar 2022. Wannan gardama ta wuce, runduna ta kafu. Abin da ya rage shi ne gyaran wuraren da dokar ke yoyo.

Akwai abubuwan da kuka yi daidai, kada wani ya rarrashe ku ku sassauta su. Kun ƙayyade ma'aikatan rundunar kada su wuce 100. Kun wajabta kyamarar ƙirji, kun hana sayen motoci da kayan yaƙi irin na soja, kun ce cikin shekara biyar aƙalla kashi 25 cikin 100 na jami'an su kasance mazauna birnin. Kun bar binciken manyan laifuka irin su kisa da fyaɗe da fashi a hannun 'yan sandan Baltimore, kuka ba rundunar jami'a sata da fasa gida da ɗauke mota da ƙananan laifuka. Mafi muhimmanci, kun hana jami'ar fakewa da rigar kariyar da hukumomin gwamnati ke sawa idan an kai su ƙara. Mai son sanin darajar wannan sakin layi ya dubi Texas. A Disambar 2013 wani ɗan sandan Jami'ar Incarnate Word ya bi ɗalibi Robert Cameron Redus har ƙofar gidansa a wajen harabar jami'a, ya harbe shi har lahira. Da iyayensa suka shigar da ƙara, sai jami'ar ta ce tunda aikin hukuma take yi, kariyar hukuma ta rufe ta. Sai a 2020 Kotun Ƙolin Texas ta ce ba haka ba ne. Kimanin shekara shida iyalin suka yi suna neman a bari ma a saurari ƙararsu.

Inda dokarku ta fi rauni shi ne kwamitin sa ido. Mutum 15 ne a cikinsa. Magajin gari ya naɗa ɗaya, shugaban majalisar birni ya naɗa ɗaya, sauran 13 kuwa shugabannin jami'ar ne ke zaɓo su, majalisar dattawan jiha ta tabbatar. Goma daga cikin 15 ɗalibai ne da malamai da ma'aikatan jami'ar. Ba mu zargin kowa a cikinsu da rashin gaskiya. Amma ɗalibin da digirinsa da tallafin karatunsa ke hannun jami'a, da ma'aikacin da za a sabunta kwantiraginsa a ƙarshen shekara, an ɗora musu nauyin da bai kamata a ɗora wa kowa ba: su tuhumi gidan da suke ci a ciki. Tabbatarwar majalisar dattawa ba ta warware wannan, domin sunayen da aka miƙo mata kawai take gani. Wanda ba a miƙo sunansa ba, ko da shi ya fi kowa sanin unguwar, ba ta da labarinsa.

Aikin kwamitin ma shawara ce. Yana duba alƙaluma da ƙa'idoji, ya ba da shawara, jami'ar ta amsa cikin kwana 120. Amsar tana iya zama “mun gani, mun gode, ba za mu yi ba,” kuma doka ta cika. Muna roƙon ku juya lissafin: aƙalla kujeru takwas su fito daga hannun da ba na jami'a ba, wato magajin gari da kansilolin yankuna uku da jami'ar ke da harabobi a cikinsu (Homewood da gabashin Baltimore da Peabody) da ƙungiyoyin unguwannin da ke maƙwabtaka da su. Ku ba kwamitin ma'aikaci nasa na cikakken lokaci da lauya nasa, waɗanda jami'a za ta biya kuɗinsu ta hanyar asusun jiha, yadda ba za ta iya korarsu ba. Ku ba shi ikon kallon bidiyon kyamarar ƙirji kai tsaye, ta hanyar zaɓen canke, ko da ba wanda ya yi ƙorafi. Dalilin zaɓen canke a fili yake: yaron unguwa da aka tsayar aka laluba aljihunsa aka sake shi, da wuya ya je ofishin waɗanda suka tsayar da shi ya cike takarda. Idan ƙorafi kaɗai ake jira, mafi yawan abin da ya kamata a gani ba zai taɓa isowa tebur ba. Ƙa'idoji uku kuma, na amfani da ƙarfi da na tsayar da mutum da na bin wanda ya gudu, kada a canza ko harafi ɗaya a cikinsu sai kwamitin ya amince.

Sai maganar hurumi. Dokar ta ce ikon rundunar yana kan kadarorin da jami'a ta mallaka ko ta yi haya ko take gudanarwa a cikin yankunan uku, tare da titi da gefen titin da ke manne da su. A takarda abin ya fito tsaf. A ƙasa kuwa, ku tsaya a titin Monument kusa da asibitin Hopkins da ƙarfe biyar na yamma. Ga ginin asibiti, ga kasuwar Northeast, ga tashar bas, ga shagon wani ɗan kasuwa, ga wurin ajiye motoci na jami'a, duk a jere. Matashin da ya fito daga kasuwa da ledar kaza a hannu yana iya shiga hurumin rundunar ya fita sau biyu ko uku kafin ya kai kwanar gidansu, ba tare da ya ga wata alama ba. Jami'in da ke sintiri ma sai ya riƙe taswira a kansa. Ranar da aka yi kamu a kan wannan layi, tambayar farko da lauya zai yi a kotu ita ce a ina ƙafar jami'in take, kuma idan ta zarce da taku goma, shari'ar na iya rushewa ko da mai laifin na gaske ne.

Gyaran ba shi da tsada. A kafa alamu a kan iyakar, a wallafa taswira mai adireshin kowane gini, a kuma hana taswirar faɗaɗa da kanta. Hopkins ita ce ta fi kowace ma'aikata mai zaman kanta yawan ma'aikata a Maryland, kuma tana saye da hayar gine-gine a kai a kai. Idan kowane sabon haya zai jawo gefen titinsa cikin hurumi, to ofishin kadarorin jami'a ne zai riƙa zana iyakar 'yan sanda. Ku sa kowane ƙari ya jira sanarwar kwana 60 da amincewar majalisar birni. Jami'ar Chicago abin dubawa ce a nan: 'yan sandanta suna sintiri daga titi na 37 har zuwa na 64, a unguwannin da mafi yawan mazaunansu ba su da wata alaƙa da ita, kuma ba su da ƙuri'ar da za su kaɗa wa kwamitin amintattunta.

Dokarku ta yarda jami'i ya tsallake iyaka idan yana biye da wanda ake zargi a daidai lokacin. Wannan ƙofa ce da ke buƙatar sakata. A Yulin 2015 ɗan sandan Jami'ar Cincinnati ya tsayar da Samuel DuBose a wajen harabar jami'a saboda motarsa ba ta da lamba a gaba, cikin 'yan mintoci ya harbe shi a ka. Akwai kyamarar ƙirji, an ga komai, an yi shari'a sau biyu masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya. A nan birninku, akwai jami'in 'yan sandan Jami'ar Morgan cikin waɗanda suka yi arangama da Tyrone West a 2013, bayan tsayar da motarsa, ya rasu. Duka biyun daga tsayar da mota abin ya faro. Fitilar baya da ta mutu ko lambar da wa'adinta ya ƙare ba su barazana ga ɗalibi ko majinyaci. Ku rubuta a cikin doka cewa rundunar jami'a ba ta tsayar da mota saboda irin waɗannan, ba ta kuma bin mota a guje sai inda rai ke cikin haɗari nan take.

Game da takardu, kun riga jihohi da dama. Kotun ƙolin Massachusetts ta yanke a 2006 cewa jaridar ɗalibai ba ta da hakkin ganin kundin 'yan sandan Harvard, ta Indiana ma ta yanke irin wannan a 2016 kan Notre Dame, yayin da ta Ohio ta buɗe na Jami'ar Otterbein a 2015. Ku kun buɗe, amma da sharaɗi: takardar ta kasance an ƙirƙire ta don aikin 'yan sanda kaɗai, ko ta shafi kamu. Kalmar “kaɗai” ita ce matsalar. A jami'a, rahoto ɗaya yakan bi hanya uku: kwafi ga shugaban runduna, kwafi ga ofishin kula da ɗalibai, kwafi ga lauyoyin jami'a da kamfanin inshora. Da zarar ya bi ta waɗannan ofisoshi, an samu hujjar cewa ba don aikin 'yan sanda kaɗai aka rubuta shi ba. Fayil ɗin ladabtar da jami'i ma ana iya ce masa takardar ma'aikacin kamfani, alhali Dokar Anton da kuka zartar a 2021 ta buɗe irinsa a rundunonin gwamnati. Ku cire wannan kalma. Ku ce duk abin da jami'i mai ikon kamu ya rubuta ko ya ɗauka a bakin aiki, da duk binciken da aka yi a kansa, yana ƙarƙashin dokar samun bayanai da wa'adinta na kwana 30, tare da ɓoye sunayen waɗanda aka zalunta da majinyata. Dokar Clery ta tarayya ta 1990 ba ta cike wannan gurbi. Ita tana tilasta rajistar laifukan da aka kawo rahotonsu cikin kwanakin aiki biyu, amma ba ta cewa komai kan mutumin da aka tsayar, aka tambaye shi katin shaida, aka sallame shi. Wannan lissafi muke so a riƙa fitarwa duk wata, da wuri da dalili da launin fata da shekaru, da kuma ko mutumin ɗan jami'a ne ko mai wucewa.

Akwai wani abu da ba kasafai ake tattauna shi ba, kuma a nan ɗalibai suka fi cutuwa. Jami'a mai zaman kanta tana sanye da riguna biyu. A matsayinta na mai gida, ma'aikacinta yana iya shiga ɗakin kwanan ɗalibi bisa yarjejeniyar haya, don duba wutar lantarki ko abin da ƙa'idar makaranta ta haramta. Ɗan sanda kuwa, tsarin mulkin Amurka ya ce sai da takardar izinin bincike daga alƙali, in ban da 'yan yanayi ƙalilan. Idan mai kula da ɗakunan kwana da ɗan sanda duk ma'aikatan gida ɗaya ne, hanya mai sauƙi ita ce mai kula ya buɗe ƙofa, ɗan sanda ya tsaya a bayansa yana kallo. Haka abin yake a zaman ladabtarwa. Ana iya gaya wa ɗalibi cewa ƙa'idar makaranta ta wajabta masa ba da haɗin kai, ya yi magana ba lauya, washegari maganar ta isa teburin mai gabatar da ƙara, ba tare da an taɓa karanta masa hakkinsa na yin shiru ba. Dole ku gina katanga a nan. Jami'i mai ikon kamu kada ya halarci binciken ɗaki na makaranta, kada a tura shi aiwatar da ƙa'idar da ba laifi ba ce a dokar jiha, kamar liƙa takarda a bango ko taro ba izini, kuma bayanin da ɗalibi ya bayar a zaman ladabtarwa kada ya tsallaka sai da sammacin kotu. Zaman dirshan na Garland tsohon misali ne na ranar da shugabannin jami'a ke cikin rigima da ɗalibansu. A irin wannan rana, bai dace shugaban runduna ya karɓi umarnin kamu daga ɓangare ɗaya na rigimar ba.

Ɗaliban ƙasashen waje sun fi kowa shiga haɗari, kuma cikinsu akwai 'ya'yan Afirka ta Yamma masu yawa, domin Najeriya kaɗai tana da ɗalibai kimanin 20,000 a Amurka. Ku bi matakan da kanku. An kama ɗalibi kan ƙaramin abu, an kai shi babbar cibiyar tsare mutane da ke titin Madison ta gabas, an ɗauki zanen yatsunsa. Zanen ya tafi hukumar FBI, daga can hukumomin shige da fice suna ganinsa. Cikin sa'o'i 24 an gabatar da shi gaban kwamishinan kotu, an sake shi, bayan wata biyu mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar. A wurin ɗan ƙasa magana ta ƙare. A wurin baƙo, sunansa ya zauna a rumbun bayanai. A Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta bi sunayen ɗaliban waje kimanin miliyan 1.3 ta cikin rumbun bayanan laifuka, ta soke rajistar sama da 4,000, har da waɗanda aka riga aka kori ƙararsu, kafin ta janye matakin bayan ƙararraki a kotuna. Akwai ɗaliban Hopkins cikin waɗanda abin ya shafa. Da mai gadi ne ya kama ɗalibi yana hayaniya, zancen ya tsaya a ofishin kula da ɗalibai. Yanzu kuskuren minti biyar na iya cinye karatun shekara biyar da kuɗin da iyaye suka tara. Dokar Maryland ta riga ta tanadi ba da takardar gayyata zuwa kotu a madadin kamu kan ƙananan laifuka. Ku mai da wannan tilas ga rundunar jami'a, ga ɗalibi da ɗan unguwa baki ɗaya, kuma duk jami'in da ya zaɓi kamu ya rubuta dalilinsa, babbansa ya sa hannu kafin a tashi aiki.

Tun 2021 jami'ar tana da tawagar ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke amsa kiran gaggawa. Abu ne mai kyau, sai dai shiri ne na ganin dama, kasafin kuɗi ɗaya zai iya shafe shi. Ku sa shi cikin doka, dare da rana, a yankunan uku, kuma mai karɓar waya ya tura su tukuna idan ba a ambaci makami ba.

Ranku ya daɗe, kisan kai a Baltimore ya sauka ƙasa da 300 a 2023, ya kusan 200 a 2024, tun kafin wannan runduna ta cika ma'aikatanta. Wannan ya isa dalilin a riƙa auna ta da ma'auni, a ga abin da ta ƙara da abin da ta jawo. Ku sa wa izinin wa'adi na shekara biyar, wanda zai faɗi da kansa idan ba ku sabunta shi da ƙuri'a ba, bayan binciken masana da ba su taɓa karɓar albashi ko tallafin bincike daga jami'ar ba. Ku kuma rubuta waɗannan sharuɗɗa a matsayin doka ta gama gari, domin ranar da wata kwaleji mai zaman kanta ta zo Annapolis, babban birnin jiha, da irin wannan buƙata, ta tarar da ma'auni a ajiye. Ƙaramar kwaleji ba ta da aljihun Hopkins, don haka ku haɗa da sharaɗin inshorar da za ta iya biyan diyyar rai, da shaidar cewa za ta iya ɗaukar nauyin horo da ajiyar bidiyo shekara da shekaru.

Zamanku na kwana 90 yana farawa ne a Laraba ta biyu ta watan Janairu. Kafin nan, muna roƙon kwamitocin shari'a na majalisun biyu su yi zaman sauraron jama'a sau uku a cikin Baltimore, ɗaya a kowane yanki, da yamma bayan an tashi aiki, a ɗakin taron da ba mallakar jami'ar ba. Ku gayyaci shugaban rundunar, Branville Bard, ya zo da taswirar hurumi da alƙaluman tsayarwa na kowane wata, ku kuma ware wa mazauna unguwanni rabin lokacin magana.

Mun gode da kulawarku.

Naku,
Wasu lauyoyi da ma'aikatan tsaron makarantu 'yan asalin Afirka ta Yamma, mazauna Maryland